Inda "Kamar" Ta Yaudari Ɗaliba: Nazarin Wani Sharhin Salo a Agege

Lamarin ya faru ne a wani ajin yamma a Agege, cikin Legas, inda ake yi wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare bitar Hausa gabanin jarrabawar WAEC da NECO. Yawancin ɗaliban haihuwar Legas ne: Hausa a gida, Yarbanci da Turancin buroka a titi. Kalmomin nazarin adabi kuwa a darasin Turanci suka fara cin karo da su, wasu kuma a darasin balaga na Islamiyya, kafin su ji sunayensu na Hausa. Malamin ajin ya ba su tsakure daga wani gajeren labari da ba a buga ba, wanda wani saurayi mai riƙe wa dillali littafin lissafi a kasuwar Mile 12 ta Legas ya rubuta, ya ce kowa ya yi sharhin salonsa a shafi ɗaya. Takardar da za a bi a nan ta ɗalibar da ta fi kowa zuba keɓaɓɓun kalmomi ce. Yarinyar ta yi karatu, kuma kusan kowane kuskurenta daga karatun ya fito, shi ya sa takardar ta cancanci a feɗe ta.

Wanda bai san harkar gwari ba yana buƙatar sanin abu ɗaya kafin ya shiga tsakuren. Tumatirin rani da ake nomawa a Kadawa da kewayenta a jihar Kano, da ruwan madatsar Tiga, a kwanduna ake loda shi, kwando kan kwando, ya yi tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Legas. In mota ta yi jinkiri a hanya, na ƙasa ne ke fara mutuwa. Mai kaya ba shi da halin komawa da kayansa, kuma ciniki ta hannun dillali yake bi.

Ga tsakuren, an sa wa jimlolinsa lamba:

1. Ƙarfe huɗu na asuba motar ta shigo kasuwa tana nishi.
2. Kwana uku ta yi a hanya, tumatirin da ke ƙasa ya yi luguf.
3. 'Yan dako suka taso, suka kewaye ta, suka fara sauke kwanduna.
4. Dillali ya buɗe kwando ɗaya, ya leƙa, ya rufe, bai ce komai ba.
5. Mai kayan ya tsaya ƙiƙam kamar turke.
6. Legas kura ce, ya sani, amma bai taɓa ganin haƙoranta ba sai yau.
7. Kamar ƙarfe shida matan suka iso, kowace da baho a ka.
8. "Aboki, elo ni?" in ji ta farkon, tana danna tumatir da babban yatsa.
9. Kuɗin da ta taya bai kai kuɗin mota ba.
10. Ya dubi dillali, dillali ya dubi ƙasa.
11. Sun sayar, sun biya 'yan dako, sun biya kuɗin ƙasa.
12. Abin da ya rage a hannunsa ko kuɗin komawa Kadawa ba zai yi ba, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar garwashin wuta mai ci bal-bal a tsakiyar tekun baƙin ciki.
13. A ƙarshen rana ya ɗauki shawarar ba zai sake zuwa ba.

Ɗalibar ta ce jigon shi ne kasuwancin tumatir. Ta ce akwai kamance huɗu, a jimla ta 5, 7, 9 da 12. Ta kira jimla ta 6 mutuntarwa, ta kira luguf da ƙiƙam da ƙirin da bal-bal sifofi masu ƙayatarwa, ta ce jimla ta 10 karin magana ce, ta 8 kuma Ingausa. Ta rufe da cewa marubucin yana da salo mai armashi, "musamman a jimla ta 12 inda ya nuna gwanintar harshe." Iƙirari 10 ke nan, 2 ne kawai suka tsaya da ƙafarsu.

Na jigo ba ya buƙatar dogon bayani. Kasuwancin tumatir shi ne abin da ake magana a kai. Jigo kuwa shi ne abin da labarin ke faɗa game da shi, kuma a nan yana faɗin yadda mai kaya ke zama ɗan kallo a cinikin guminsa.

Batun kamance

Kamance yana da ginshiƙai huɗu, waɗanda suka yi balaga sun haddace su da Larabci: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar da ta haɗa su, da fuskar da suka yi kama. Akwai kuma sharaɗin da ba a cika faɗa ba don ana ganin kowa ya sani, wato abubuwan biyu su fito daga duniya daban-daban. Jimla ta 5 ta cika duka. Mutum ne da turke, "kamar" ta haɗa su, fuskar kama ita ce kafewa wuri ɗaya ba motsi. Kamance ne mai kyau kuma, domin turke kayan ƙauye ne, daga inda mutumin ya fito, kuma wurin ɗaure ne, ga shi mutumin ya ɗauru da kayan da ba za su kwana ba.

A jimla ta 7 malamin tambaya ɗaya ya yi.

"Malam, ai akwai 'kamar' a ciki," in ji ɗalibar.

"Akwai, ɗiyata. To ƙarfe shida da me aka kamanta shi?"

Ba a kamanta shi da komai ba. "Kamar" tana da ayyuka aƙalla huɗu a Hausa: kamance, ƙiyasi, kawo misali irin na "kayan gwari kamar tumatir da tattasai", da zato irin na "kamar za a yi ruwa". Gwajin da ke raba na farko da na biyu shi ne a cire ta a sa "wajen". "Wajen ƙarfe shida" ma'ana ba ta motsa ba. "Ya tsaya ƙiƙam wajen turke" kuwa an koma wani labarin, mutumin ya je kusa da turke ya tsaya. Asalin wannan kuskuren ƙa'idar da ake haddatawa a darasin Turanci ce, cewa ana gane kamance da ganin kalmar kamanci. Ɗalibi ya riƙe wannan sai ya riƙa farautar kalma da ido, ya bar ma'ana.

Kuskuren jimla ta 9 ya fi wannan daraja, don sai wanda ya buɗe littafi zai yi shi. Littattafan nazari sun kasa kamance gida uku: na daidaito mai "kamar" ko "tamkar" ko "sai ka ce", na fifiko mai "fi" ko "wuce", da na kasawa mai "bai kai ba" ko "kasa". Ta ga "bai kai ba", ta sa hannu. Amma kuɗi aka auna da kuɗi, lissafi ne na zahiri irin wanda marubucin ke yi kullum a littafin ubangidansa. Da ya ce ƙarfin mai kayan bai kai na kiyashi ba, da kamancen kasawa ya samu, domin an tsallaka daga mutum zuwa ƙwaro.

Kura da nishi

"Legas kura ce" siffantawa ce: an ce wannan abu wancan ne kai tsaye, ba kalmar kamanci, sai dirka ta rufe. Dirkar "ce" ce saboda sunan gari tamata ne a Hausa, kura ma haka. Marubucin bai tsaya nan ba, ya ja siffar har zuwa haƙora, wato ya tsawaita ta cikin ganga ta gaba, ma'ana sashen jimlar da ke biye. In ana son saka wannan a ƙarƙashin jinsarwa, wato ba wani abu halin wani jinsi, to dabbantarwa ce, tunda halin dabba aka ba garin. Mutuntarwa sai an ba wanda ba mutum ba halin mutum. Ɗalibar ta ɗauka duk lokacin da marar rai ya sami rai sunansa mutuntarwa, alhali jinsarwa uku ce: mutuntarwa, dabbantarwa, abuntarwa. Abin dariyar, wurin da mutuntarwa za ta karɓu, wato motar da ta shigo "tana nishi" a jimla ta 1, ta tsallake shi ba ta gani ba. Ko shi ma da sauran magana, tunda jaki ma yana nishi in lodi ya yi masa yawa. Mai gyaran takarda zai karɓi mutuntarwa, amma wanda ya rubuta jinsarwa ya kawo dalili ya fi shi gaskiya.

A nan wani ɗalibi ɗan Islamiyya ya kafe cewa jimla ta 6 kamance ce, kuma bai yi shirme ba. A balagar Larabci, in aka ambaci ɓangarorin biyu aka sauke kalmar kamanci da fuskar kama, kamar a ce wane zaki ne, sunansa tashbihi baligi, yana nan cikin dangin tashbihi. Isti'ara sai an ɓoye ɓangare ɗaya, a ce "kura ta cinye shi a Mile 12" ba a ambaci Legas ba. A tsarin nazarin Hausa kuwa rashin kalmar kamanci shi ke fitar da jimla daga kamance ya kai ta siffantawa. Iyakokin tsarin biyu ba a wuri ɗaya aka ja su ba, don haka fassara tashbihi da kamance, isti'ara da siffantawa, ɗaya bayan ɗaya, tana kai mutum ga kuskure a daidai irin wannan jimlar. A takardar Hausa, da ma'aunin Hausa ake awo.

Luguf ba sifa ba ce

Luguf da ƙiƙam da ƙirin da bal-bal amsa-kama ne, wato kalmomin da amonsu ke zana kamannin abu, kuma ana raba su da sifa ta hanyoyin da ɗalibi zai iya gwadawa a zaune. Sifa tana bin jinsi da adadin sunanta: baƙi, baƙa, baƙaƙe. Ƙirin ba ta da namiji ba ta da mace, baƙi ƙirin, baƙa ƙirin. Sifa tana iya zuwa gaban suna da nasaba, a ce baƙin kwando, amma ba a cewa ƙiƙamin mutum. Yawancin kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa, amsa-kama kuwa sau da yawa da baƙi, kamar yadda duka huɗun nan suka yi. Sannan kowace tana da abokin tafiyarta: ƙirin ta baƙi ce, wur ta ja, fat ta fari, shar ta kore. Wasu masana nahawu suna lissafa ta cikin bayanau, wasu suna ware mata aji nata.

Sanya musu suna daidai rabin aiki ne. Luguf ta sa asarar a yatsa tun jimla ta 2, sai ga yatsan ya zo da kansa a jimla ta 8 yana dannawa, mai karatu ya riga ya san abin da matar za ta ji. Ƙiƙam ta yi wa turke share fage. Waɗannan biyun suna aiki. Ƙirin da bal-bal kuwa faɗa suke da juna, za a zo kansu.

"Aboki, elo ni?"

Ingausa gauraya Hausa da Ingilishi ce, sunan ma daga nan aka ƙera shi. "Elo ni" Yarbanci ne, ma'anarsa nawa ne, kuma a bakin tauraruwa yake, wato matar da ke cikin labarin, cikin alamar zance, ba a bakin mai ba da labari ba. Sauya harshe ne don a nuna wace ce ke magana. Mota da tumatir ma ba Ingausa ba ne, kalmomin aro ne da suka zauna suka zama 'yan gida, kamar yadda dillali da asuba da shawara suka zo daga Larabci. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne "aboki". Kalmar Hausa ce ta fita ta dawo da wata ma'ana: a titin Legas lakabi ce ta kowane ɗan Arewa, sau da yawa da raini a ciki. A lura cewa a duk tsakuren ba mutum ɗaya mai suna. Garuruwa biyu ne ke da suna, Legas da Kadawa. Mutumin "mai kayan" ne a bakin mai labari, kuma sau ɗaya tak da aka kira shi, da wannan lakabin aka kira shi.

Turancin da ɗalibar ke nema yana nan, amma a jimla ta 13, inda babu kalmar Turanci ko ɗaya. "A ƙarshen rana" da ma'anar "daga ƙarshe" ginin Turanci ne aka sa wa rigar Hausa, kuma ya rikita agogon labarin, don cinikin gwari na safe ne. "Ɗauki shawara" ya fi muni. A Hausa wanda ya ɗauki shawara wani ne ya ba shi ya karɓa. Wanda ya tsai da magana a ransa, yanke shawara ya yi. Irin wannan aron fassara ya fi Ingausa wuyar kamawa ga yaron da ya tashi a Legas, don kunnensa ya saba da shi ta harsuna biyu.

Jimla ta 10 ba karin magana ba ce, ko da yake an gane abin da ya ruɗe ta: gajarta da daidaiton ɓangarori biyu. Karin magana gadon jama'a ce, ana ɗaukar ta a kai wani zance ta zauna. Wannan jimlar ba ta da rai a wajen labarin. Jerin sarƙe ne, an maimaita gini ɗaya sau biyu, karɓau na gangar farko, wato wanda aka duba, ya zama aikau na ta biyu, wato mai dubawa, kallo ya tashi daga mai kaya zuwa dillali, daga dillali zuwa ƙasa, inda babu mai mayar da shi.

Jimlar da aka yaba

Tsakuren kalmomi 158 ne a jimla 13. Goma sha biyu daga ciki tsakanin kalma 7 da 13 suke. Ta 12 ita kaɗai kalma 30 ce, kuma 16 na ƙarshenta su ne ɗalibar ta kira gwaninta. A ɗora su kan ginshiƙan nan huɗu. Abin da ake kamantawa zuciya ce mai baƙi. Abin da aka kamanta ta da shi garwashi ne. Fuskar kama fa? Garwashi ja ne, gawayi ne baƙi. Wuta mai ci bal-bal haske take bayarwa, ga shi an ce baƙi ƙirin. Sannan aka ɗauki wutar aka kai ta tsakiyar teku, ba ta mutu ba. Hoto uku ne, launi da wuta da ruwa, kowane yana rushe na gabansa. Kamance ne ta fuskar gini, shi ya sa aka ba ta makin suna, amma gurgu ne. Marubucin yana zaune a garin da ke bakin teku, sai dai wannan tekun ba na Legas ba ne, na littattafan soyayya ne, daga can ya aro shi. Kuma abin da jimlar ke ƙoƙarin faɗa, jimla ta 10 ta riga ta nuna shi da kalma 7.

Littattafan nazari suna ambaton miƙaƙƙen salo, salo mai armashi, ragon salo, tsohon salo da salo mai tsauri. Ɗalibar ta auna armashi da yawan ado, ta nemi inda ado ya fi taruwa ta dasa tuta. Hukuncin da shaida ta goyi baya shi ne miƙaƙƙen salo mai ƙarfi, wanda ya yi tuntuɓe a jimla uku na ƙarshe.

Inda gizo ke saƙar

Duk shafinta babu kalmar nahawu ko ɗaya in ban da "sifa", ita ma a inda ba ta dace ba. An yi tuya an manta da albasa, domin salon wannan saurayin a nahawunsa yake.

A ɗauki jimla ta 3, 4 da 10. Kalmomi 31 ne, aikatau 9 masu zagi, wato masu "ya" ko "suka" ko "bai" a gabansu, sifa babu. "Ɗaya" ma'auni ce. A jimloli 11 na farko sifa sassauƙa guda ce, "babban", ita ma rabin sunan yatsa ce. Mutane suna ta aiki da hannu da ido, ba mai bayyana abin da yake ji. Sai korewa: bai ce ba, bai taɓa ba, bai kai ba, ba zai yi ba, ba zai sake ba. Sau 5, kuma kowace tana kan wata mararrabar labarin. Shirun dillali a jimla ta 4 shi ne farashin, tun kafin masu saye su iso.

Aikatau uku na zuwa, shigo da taso da iso, duk 'yan aji na 6 ne a rabon azuzuwa 7 da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, wato masu ƙarewa da -o, masu nuna aiki ya nufo wurin mai magana. Da ya ce shiga, tashi, isa, da mai labarin yana kallo daga nesa. Da -o ɗin nan ya dasa mai karatu a tsakiyar kasuwa, komai yana zuwa ya same shi. Labarin daga bayan fage ake ba da shi, amma "sai yau" ta jimla ta 6 yau ɗin mai kayan ce. Mai labari da ya tsaya a waje "sai ran nan" zai ce. Kalma ɗaya ta shigar da mu kan mutumin ba tare da an ce "ya ce a ransa" ba.

Haka madanganci. "Motar", "mai kayan", "matan", duk an kawo su karo na farko da -r ko -n ta abin da aka riga aka sani. "Wata mota" da mafayyaci, wato "wata", za ta buɗe labarin kamar tatsuniya. "Motar" ta ce jiran ta ake yi tun shekaranjiya. Ɗalibai kan rikita wannan da -n ko -r ta nasaba, irin ta "kuɗin mota", don a rubuce kamarsu ɗaya. A baki sun bambanta: in aka ce "kwandon" aka tsaya, murya faɗuwa take a gaɓar ƙarshe, a "kwandon tumatir" kuwa ba ta faɗuwa.

Mafi wuya shi ne lokaci. Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci biyu. Na ɗaya shi ne na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an. Na biyu shi ne na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka. Huɗu daga cikin tara, wato na, ka, ya, ta, a rubuce ba su da bambanci, domin tsawon wasali ne ya raba su, daidaitaccen rubutu kuma ba ya nuna shi. Basakkwace ba shi da wannan matsalar, shi "yat tahi" da "sunka tahi" yake cewa. Ga mai nazarin rubutu, mafita ita ce a mayar da jimlar jam'i. Jimla ta 4 za ta koma "dillalai suka buɗe, suka leƙa, suka rufe". Ta 5 "suka tsaya", ta 10 "suka dubi". Wannan shi ne lokacin jera aukuwa, kowace na bin wata. Amma gangar ƙarshe ta jimla ta 2 "sun yi luguf" za ta koma, ta 6 kuma "sun sani". Wato marubucin yana ajiye na ɗaya don abin da ya riga ya tabbata kafin idonmu ya kai wurin: ruɓewar kaya, sanin halin gari.

Da wannan ma'aunin ake duba jimla ta 11. Yawancin masu gyara za su ja layi a kan "sun" su rubuta "suka", kuma jimlar za ta miƙe. Amma za a yi asarar abin da saurayin ya nufa, wato ya tsallake cinikin gaba ɗaya ya nuna shi a gama, kamar layi uku a littafin lissafi. Laifin jimlar shi ne an ce abu ya riga ya faru ba a faɗi kafin yaushe ba, sai mai karatu ya yi tuntuɓe. Kalma biyu ne maganinta: "Kafin hantsi sun sayar, sun biya 'yan dako, sun biya kuɗin ƙasa."

Ba laifin ɗalibar kaɗai ba ne da ba ta ga waɗannan ba. Kalmomin adon harshe da ake koyarwa a makarantu a gonar waƙa aka raine su, sunayen littattafan ma sun nuna: Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kalmomin nahawu kuwa a wani darasin ake koyar da su, kamar ba su da haɗi da adabi. Ɗalibi ya zo kan zube da kayan aikin waƙa kaɗai, dole ya nemi ado, in bai samu ba ya ƙirƙira.

Gyaran da aka yi

Malamin ya juya mata tsarin aikin. Ta karanta tsakuren a bayyane sau biyu kafin ta taɓa biro. Ta sa wa jimloli lamba ta ƙirga kalmominsu, don jimlar da ta fita daban ta nuna kanta. Ta ja layi ƙarƙashin kowane aikatau ta yi masa gwajin jam'i, ta kewaye kowace korewa. Adon harshe shi ne na ƙarshe, kuma ba za ta rubuta sunan ko ɗaya ba sai ta cike ginshiƙansa a gefen takarda. Kowane iƙirari kuma ya zo da abu uku a jere: suna, shaida, da aikin da ya yi wa labarin. Ga wani yanki na sharhinta na biyu:

"Marubucin ya yi amfani da miƙaƙƙen salo. A jimla ta 4 ya jera aikatau uku cikin shuɗaɗɗen lokaci na biyu, ya rufe da korewa, wannan ya sa shirun dillali ya zama shi ne labarin. Siffantawar jimla ta 6 ta yi tasiri domin ita kaɗai ce a tsakanin gajerun jimloli marasa ado. Kamancen jimla ta 12 bai yi nasara ba, saboda garwashi ba baƙi ba ne."

Ta yi ɗan zamiya a "ita kaɗai", tunda kamancen turke na gabanta kai tsaye, aka nuna mata ta gyara.

An kai wa saurayin sharhin a ranar da ba ya kasuwa. "Kafin hantsi" ya karɓa nan take. Kalmomi 16 na teku ya yi jim kafin ya yarda, ya ce su ne ya fi shan wahalar haɗawa. A madadinsu ya rubuta: "Ya ƙirga abin da ya rage, ya sake ƙirgawa. Ko kuɗin komawa Kadawa bai kai ba." Wannan "bai kai ba" ta amsa ta jimla ta 9, shi da kansa ya lura. "Ɗauki shawara" ma ya sauke, ya sa "Shi da Legas kuwa, haihata-haihata."

A kan "a ƙarshen rana" ne ya tirje.

"Malam, wallahi haka ake faɗa a kasuwa, kullum sai na ji."

"Na yarda, ɗana. To wa ke faɗa, kai ko su?"

A bakin mai labari aibi ne, a bakin tauraro kuwa shaida ce ta inda ya zauna da waɗanda ya yi hulɗa da su, daidai da "elo ni". Saurayin ya ce to zai sa ta a bakin dillali, ya dafa kafaɗar mai kayan ya ce, "Alhaji, a ƙarshen rana kasuwa ce." Jimlar ta zauna, ta kuma yi kama da dillalin da ya shekara ashirin a Legas. Sai dai dillalin nan tun jimla ta 4 bai buɗe baki ba, kuma a kan wannan shirun aka gina jimla ta 10. Saurayin ya kwafi sigar biyu a bayan littafin lissafinsa, mai magana da marar magana, ya ce zai karanta wa ubangidansa ya ji wadda zai ce ƙarya aka yi masa.